Wa Ke Fara Riƙewa

…na sama ne ke farawa, ko na ƙasa? Allin yana hannunta, ya tsaya cak a jikin allo. Malamar lissafi ce fa, wadda ta tsufa a kan kalkulas, wadda ake cewa ko daga barci aka tashe ta sai ta rera ƙa'idar rabawa. Yau ga x sau x a sama, ga x da ɗaya a ƙasa, ga layi tsakaninsu — kanta kuwa fayau, kamar an goge da tsumma.

Ƙa'idar ninkawa ba ta gudu ba, tana nan. Riƙe na farko, motsa na biyu. Riƙe na biyu, motsa na farko, a haɗa. “Motsa” take cewa, wato nemo saurin canjinsa, ɗalibai sun saba. Ko ta ina ka fara daidai ne, tarawa ba ta da rigima. Amma rabawa… akwai ɗebewa a tsakiya, ka juya su amsa ta fito a kife. Wa ke fara riƙewa?

Kabad ɗin nan. Ranar da suka tare a gidan bene, ita da Baban Auta, Allah ya jiƙansa, suna hawa da shi, ga matakala da ƙunci, shi a ƙasa ita a sama. “Na riƙe, motsa!” Gumi, dariya, yana mitar na ƙasa ne ke shan nauyi ninkin ba ninkin. Daga nan ta samo darasin, kowace shekara sai ta ba aji labarin kabad. To ga kabad, ga matakala… wa ya fara cewa na riƙe? Shi ne? Ita ce? Har muryarsa ma za a ƙwace mata?

Jiya mabuɗi a cikin firji. Shekaranjiya sunan maƙwabciya ya ɓace mata. Auta ta tsare ta a kicin, ido jawur: “Mama, in abin nan ya kai ga aji, asibiti za mu, kuma ki ajiye allin. Kin yi alkawari?” Ta yi. Da bakinta ta yi, don ta tabbata ba zai kai ba. Mabuɗi daban, lissafi daban… ko ba haka ba? In ta ajiye alli, ita wace ce? Tsohuwa mai gadin kabad?

Fanka na juyawa. Bayanta ɗalibai na jira. Kada ta waiwaya. Tsoro take ji, tsoro sosai, irin na yarinyar da aka tsayar gaban allo ba ta yi karatu ba.

Sai ƙasa-ƙasa, daga kujerun baya, Dogo sarkin gyangyaɗi: “Na ƙasa ya riƙe…” Wata ta karɓa: “na sama ya motsa…” Sai duk ajin, a hankali, kamar masu lallashin jariri — a ɗebe, na sama ya riƙe, na ƙasa ya motsa, duka bisa na ƙasa sau kansa. Hannunta na bin su. Ga shi ya fito tsaf. Allah ya yi muku albarka, 'ya'yan nan, Allah ya…

Tsaya. Ba wanda ya yi dariya. Ba wanda ya kalli wani. Ko ɗan mamaki babu, kowa ya san inda zai shigo, kamar… kamar an saba.

Tun yaushe suke riƙe mata?