Lema a Ofishin Hasashen Yanayi

"Ba zan ajiye lemar nan ba, Oga."

Haka na faɗa wa shugaban ofishinmu na hasashen yanayi, a gaban kowa. Laifina shi ne, da safe na karanta a rediyo cewa babu ruwa nan da kwana goma, da hantsi kuma aka gan ni a sahun mata wurin roƙon ruwa, riƙe da lema. Ya ce ina zubar wa ofis mutunci. Wa zai yarda da hasashen da mai karanta shi ma ba ta yarda da shi ba? Na ce na yarda da shi sarai, ai ni na zana taswirar. Na'ura ta nuna mini inda gajimare yake, amma ba ta hana ni roƙon Mai gajimaren ba. Ya ce in zaɓa, ko lema ko rediyo.

A gida ma ban tsira ba. Baffa, yayan mahaifina, ya kira ni falo. Wai jama'a na ɗaga hannu sama, ni 'yarsa kuma ina rediyo ina sauke musu. Ko "wataƙila" ce in riƙa sakawa a ƙarshe.

Na durƙusa na ce, "Baffa, Allah ya ƙara girma, wanda nake roƙon ne ya hana ni ƙarya."

Kwana goma ina haka, safe babu ruwa, hantsi Allah ba mu ruwa. A ofis suna kirana Malama Lema, a gida Babu-Ruwa. Inna ce kaɗai ta ga amfanin abin, ta ce ko ba komai rana ba ta dafa ni ba.

Rana ta goma sha ɗaya aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Oga ya zagaye ofis yana cewa lissafi ba ya ƙarya. Baffa ya zagaye unguwa yana cewa addu'a ta ci. Babu wanda ya tuna da wadda ta yi lissafin ta kuma yi addu'ar. Oga dai ya ari lemata zuwa mota, har yau bai dawo da ita ba.

Duk da haka an cire ni daga rediyo, an mayar da ni saman bene duba ma'aunin ruwa. Ƙarin girman da nake jira an ba wani. Baffa kuwa, wata uku ke nan bai amsa gaisuwata ba.