Akwatin Kafur

"Ka sassaƙa mini wannan da katako kafin wata ya mutu," in ji Daktan Kwalba, "ni kuma in gaya maka abin da ya kashe maka 'ya'ya maza biyu."

Kafinta ya riƙe takardar a juye. Zane ne kamar hanjin kaza. Shekara ashirin suna maƙwabtaka, kuma duk layin an san Dakta bai taɓa yi wa kowa allura ba. A ɗakin bincike ya ƙare ƙuruciyarsa cikin kwalabe, ga shi yanzu ciwon ƙoda ya kwantar da shi.

"Mene ne wannan, Dakta?"

"Wani ɗan ma'aikaci ne a cikin jini, furotin. Sukari yake sarrafawa, da shi jini ke kare kansa. Ɗaki biyu gare shi, ɗaya na sukari, ɗaya na abokin aikinsa. Wannan na biyun kuwa fasalin danginsu ne, har na jikin saniya da irinsa. Ɗalibaina zan bar wa, su taɓa da hannu."

"To faɗa mini tukuna mana."

"In faɗa ka ɓace? Shekara nawa ƙofar bayina take shagonka?"

Suka tafa.

Kafinta ya kama aiki. Ya fasa katako uku, Dakta na daga kwance yana cewa, "Lanƙwasar nan ba haka take ba, sai ka ce ƙafar tebur!"

Kwana tara da cinikin, 'yar Kafinta ta haifi namiji, aka dawo da ita gidansu. Da hantsi ya shiga kai albishir. Dakta, wanda ruwa ma da ƙyar yake wuce masa, ya kama hannun rigarsa ya shinshina.

"Kafur. Ina ka same shi?"

"Akwatin Hajiya. Kayan jarirai ta fito da su, tun na marigayan."

"Jeka yanzu, kada a sa wa yaron ko hula! A gidanka ma'aikacin nan da kake sassaƙawa rago ne. Ta wajen uwa yake bi, maza ya fi kamawa. Kafur ya taɓa su, jini ya farfashe, ido ya yi ɗorawa, ku ce shawara ce. A kai shi asibiti a gwada jininsa."

"Ai ban gama aikinka ba."

"Kai dai jeka, tsohon banza."

Kafinta ya fita ba takalmi. Ya tarar da matarsa Hajiya ta ɗaga 'yar riga za ta sa wa jikan, ya fizge. Ta ce, "Malam, lafiyarka kuwa?" Shekara talatin tana zargin maƙiya, da wane baki zai ce mata akwatinta ne? Cewa ya yi kayan sun tsufa.

Gwaji ya fito yadda Dakta ya faɗa. Kafinta ya dawo da takardar, ya tarar an jera tabarmi a ƙofar gidan maƙwabcinsa.

Duk wanda ya san ciniki zai ce Dakta ne ya faɗi: ya biya tun kafin ya karɓi kaya, bai kuma ga kayan ba. Kafinta ne ya ci riba. Ranar uku, bayan masu gaisuwa sun watse, ya ɗauki jikan ya fito da shi bakin ƙofa inda haske yake, ya sa babban yatsansa mai kanta ya ja fatar idon a hankali. Fari tas.