A Bayan Gangar Shitu

Maitama yana da shagon ɗaukar sauti a Malumfashi, in dai ɗaki mai kwamfutar cinya ɗaya da makirfo ɗaya da soson katifa manne a bango ya ci wannan suna. Tallan maganin basir da na takin zamani ke ciyar da shi. Aikin da ya sa a ransa kuwa daban ne. So yake ya ɗauki waƙoƙin noman Baba Jibo, wani tsohon Bamaguje na bayan Dayi, tun tsohon yana da sauran numfashi.

Baba Jibo ke waƙa, ƙanensa Shitu ke kaɗa gangar noma, haka suka tsuma manoma tun ana gayya ta gaske. Da yake makirfon ɗaya ne, Maitama ya fara ɗaukar gangar ita kaɗai, Baba Jibo na gefe yana motsa baki ba sauti. Aka ce murya sai bayan kaka. Kafin a kai dawa rumbu, Shitu ya rasu.

Ranar da aka zo ɗora murya a kan gangar, Maitama ya ɗaura wa tsohon abin ji a kunne, ya saki kiɗan. Baba Jibo ya buɗe baki, sai ya tsaya.

"Yaro, wa ke amsa mini?"

"Muryarka ce, Baba. Sai ta zaga cikin kwamfuta kafin ta dawo kunnenka, shi ya sa take makara."

Tsohon ya daure ya kai ƙarshen waƙar yana tuntuɓe da muryar kansa. Da aka saurara, ganga na gaba, murya na jan ƙafa a baya. Baba Jibo ya cire abin kunnen, ransa a ɓace.

"Ni ban taɓa bin bayan Shitu ba."

Maitama ya rantse masa laifin na'ura ne. Akwai wani ɗan akwati da 'yan sana'ar ke kira sawun kad, makirfo ke shiga cikinsa, yana da maɓallin da ke miƙa murya kunne kai tsaye. Da an same shi, magana ta ƙare.

Samun nasa ne aiki. A Funtua, shagon Alhaji Abdulmutallib mai sayar da lasifikokin biki, Maitama ya ga mai kyau sabo fil, ya ji farashi, ya mayar da shi kan kanta a hankali kamar ƙwai. Alhaji ya turo masa wani ɗan mitsitsi mai araha.

"Wannan ma yana yi, Malam. Duk yaran nan shi suke saye."

Aka gwada, ba maɓallin, sai tsuwa kamar ana suyar ƙosai. Maitama ya koma gida hannu rabbana. Ya shiga tambayar abokan sana'a a waya, kowa na yabon abin da ya saya, shi kuma tsoro yake kar ya zuba ɗan abin hannunsa a kan jabu. Yana wannan jujjuyawa har ruwa ya sauka, har masara ta yi goyo. A ƙarshe ya samu wani ɗan gwanjo, fentinsa duk ya goge, ramin makirfo ɗaya, amma ga maɓallin. Ya tafa hannu, tafin ya faɗo masa kunne nan take. Daɗi ya kusa kashe shi.

Da kansa ya ɗauko Baba Jibo a babur. A hanya ya ji tsohon ba nauyi a bayansa.

Aka saki ganga. Wannan karon babu mai amsa wa Baba Jibo, muryarsa na dawo masa daidai fitarta. Ya rufe ido ya shiga yi wa manoman da suka daɗe da mutuwa kirari. Maitama yana saurare, murmushinsa yana bushewa. Muryar dai a baya take. Tsohon kan tsaya jan numfashi inda kiɗan bai bar wurin tsayawa ba. A nan Maitama ya gane cewa a gona Shitu ne ke sassauta hannu ya jira wansa, wataƙila shekara da shekaru, ba tare da kowa ya lura ba. Gangar da ke cikin kwamfuta kuwa ba ta san tsohon yana haki ba.

Baba Jibo ya gama, ya share gumi da hannun riga.

"Yaya? Sabon akwatin naka ya yi?"

Maitama ya dubi akwatin, fitilarsa na ci lafiya lau.

"Bai yi ba, Baba. Sun cuce ni, wannan ma jabu ne."

Tsohon ya daɗe yana kallonsa, sannan ya gyaɗa kai.

"To, Allah ya isar maka." Ya mayar da abin ji kunnensa. "Kashe muryata. Sa mini gangar Shitu in ji."