Babur ɗin Mama Akaiti

Ina kwance cikin shingen furanni, babur a kan ƙafata ta hagu, tayar baya tana ta juyawa a iska, sai na ji Mama Akaiti daga barandarta tana tambaya ko na mutu. Na ce ban mutu ba. Ta ce to in kashe mata injin, kar in ƙona mata mai a banza.

Na kashe, na zare ƙafata, na miƙe ina kakkaɓe ganye daga wuyana. Tana zaune a kujerarta, filo biyu a bayanta, ƙafafunta da suka kumbura a kan akwati, tana dariya har tari ya sarƙe ta.

"Moeroa, me kike kallo da kika taho?"

"Shingen, Mama. Kar in buge shi."

"To ai ga shi kin same shi. Babur ba shi da ido, da naki yake gani. Inda kika kalla, nan zai kai ki. Ki kalli ƙofa, ki bar shinge ya ji da kansa. Ɗaga shi ki sake."

Shekaruna hamsin da ɗoriya a lokacin, ban taɓa tuƙa ko keke ba. Tun ina budurwa na bar tsibirinmu na tafi birnin Auckland, na yi rayuwata a bas da jirgin ƙasa, sai da yarana suka yi aure na dawo gidan iyayena a ƙauyen Titikaveka, a bakin teku. A nan kuwa har matan da suka haife ni a kan babur suke zuwa coci, da farar riga da faffaɗar hula. Mama Akaiti, maƙwabciyata, tana cikin na gaba-gabansu. Da wannan jan babur ɗin nata ta yi renon jikokinta, ta kai gwaza kasuwa, ta taɓa ɗauko ɗan alade a tsakanin ƙafafunta tun daga ƙauyen Matavera, kuma tana alfaharin ƙasa ba ta taɓa ganin gwiwarta ba.

A shekarar ne zuciyarta ta fara gazawa. Aka kai ta Auckland, likitoci suka duba, suka ce ta koma gida ta huta. Kowa ya san ma'anar wannan maganar, ita ma ta sani. Ba ta yi kuka ba. Abin da ya dame ta ɗaya ne: wa zai riƙa kai wa Tutai abinci?

Papa Tutai ƙanenta ne, yana zaune shi kaɗai a ƙauyen Arorangi. Ba sa magana da juna tun lokacin da ya sare mangwaron da mahaifiyarsu ta shuka, don ya gina rumfar kwalekwalensa. Ni ina ƙasar waje aka yi wannan, amma duk ƙauyen ya san labarin. Sai dai tun da matarsa ta rasu, kullum da rana Mama Akaiti takan ɗaura kwano a bayan babur ta kai masa. Ta ajiye a matakala, ta ɗauki na jiya da ya wanke ya kife, ta juyo. Ba sallama, ba godiya. 'Yarta Vaine, da ta zo jinya daga Sydney, ba ta iya barin ta. Jikokin suna makaranta ko wurin aiki, kuma Mama ta ce tuƙinsu na marasa son uwa ne. Sai ta duba ta shinge ta gan ni ina shara, ta ce ga wadda ba ta da aikin yi.

Haka na zama ɗaliba. Ranar farko ba ta bari na kunna ba ma. Ta dubi silifas ɗina ta ce in je in sa takalmi rufaffe, don kwalta tana son ɗan yatsa. Ta sa na cire zane na sa wando, ta ba ni labarin wata 'yar ajinsu da taya ta naɗe wa zane a gaban coci, jama'a suka ga abin da ba su zo gani ba. Ta miƙo mini hular kwanonta, ta sa na sunkuya ta ja igiyar da kanta har sai da haɓata ta ji. Ta ce hular da ba a ɗaure ba ado ce, kuma in ado nake so ga furanni nan in tsinka.

Daga nan sai zagayen tsakar gida. In tashi a hankali, in tsaya, in sake tashi. Tana da wani murfin tukunya da cokali a gefenta. In ta buga, dole in tsaya nan take, da birkin gaba da na baya tare, in matsa kamar mai tatsar kwakwa, ba in damƙe kamar na kama ɓarawo ba. Da muryarta ta fara raguwa, murfin ne ya zama bakinta. Maƙwabta suka saba. In sun ji ƙarar, sai su ce Moeroa ta sake yin laifi.

Bayan kwanaki ta bar ni na hau titi, zuwa kantin Sinawa in dawo. Kafin in tafi ta kira ni kusa. Ta ce in ɗauka duk mai mota makaho ne, musamman baƙi masu motar haya da ke kallon teku suna mance hannun da ake bi. In rage gudu kafin in shiga kwana, ba a cikinta ba. In ga yashi ko tsakuwa a gefen kwalta, kar in taɓa birki a kansu. Kare kuwa, kar in kai masa shuri, kar in kauce masa da ƙarfi, in rage gudu in riƙe layina. Na tambaye ta kaza fa. Ta ce kaza ta Allah ce, in ta shigo ta shigo, ba a karya ƙugu saboda miya.

"Abu ɗaya kuma," ta ce. "Ba goyo. Ko fasto ne ya tsayar da ke, ki ce masa ya taka. Sai kin shekara."

Ranar da na fara kai abincin, na yi tafiyar kamar mai ɗauke da ƙwai a ka. Yara a kan keke suka wuce ni. Wata mata ta bi ni a baya tana danna oda, da ta zo daidai ni ta ce siginata tana kunne tun daga ƙauyen Vaima'anga, ina zan juya, cikin teku? Na isa Arorangi hannuwana sun sandare. Papa Tutai yana zaune a matakala yana ɗinkin ragar kamun kifi, ƙaton tsoho mai farin gashi. Ya dubi babur ɗin, ya dube ni, ya ci gaba da ɗinkinsa. Na ajiye kwano, na ɗauki na jiya. Da na dawo, Mama Akaiti ba ta tambayi lafiyarsa ba. Ta tambayi ko kwanon ya wanku da kyau.

Mun yi makonni a haka. Na saba da hanyar, na fara jin daɗin iskar bakin teku. Ita kuwa ta koma daga baranda zuwa gado kusa da taga, inda take hango ƙofa. Da tsayuwa ta gagare ta, sai ta riƙa faɗa mini yadda ake dafa masa ganyen gwaza da madarar kwakwa, ni ina dafawa.

Wata Lahadi na ajiye kwanon, sai Papa Tutai ya buɗe a gabana, abin da bai taɓa yi ba. Ya ɗanɗana da yatsa, ya rufe.

"Kwana nawa ke nan ba hannunta ba ne?"

Na faɗa masa gaskiya. Na ce ba ta iya tashi, ko ruwa sai an ɗaga ta. Ya ajiye ragar. Sai ya shiga ɗaki, ya daɗe, ya fito da rigar coci da wata tsohuwar hular kwano mai ruwan hoda, ta marigayiya matarsa. Kafin in buɗe baki ya zo ya tsaya a gefen babur.

Na ce masa an hana ni goyo. Na ce ya jira a tashi daga coci in nemo mai mota. Ya ce in ya koma ya zauna a matakalar nan, ba zai sake tashi ba, ya san halinsa. Na dubi fuskarsa na san gaskiya ya faɗa.

Na sa ya ɗaure igiyar hular, na nuna masa salansar babur mai zafi na ce ya yi nesa da ita da ƙafarsa. Da ya hau, sai na ji babur ɗin ya durƙusa, kan ya yi sakayau a hannuna kamar ba nawa ba. Muka tashi muna tangaɗi. A kwanar farko na karkata hagu, shi kuma don tsoro ya karkata dama, muka nufi wata bishiyar kwakwa. Na cire idona daga kanta da ƙyar, na kafa shi a titi, muka wuce ta da ɗan kaɗan. Na tsaya a gefe, na waiwayo.

"Papa, in ka sake yin haka, mu biyu za a binne kafin ita. Ka riƙe ƙuguna, ka zauna kamar buhun rogo. Inda na yi, nan za ka yi."

"Haka take miki magana?" ya ce.

"Ta fi haka."

"Tun muna yara haka take."

A ƙauyen Rutaki yayyafi ya sauko, irin wanda ke jiƙa kwalta ya bar ta da santsi. Na ƙara rage gudu har wani kare ya raka mu yana tafiyar ƙasaita, ko haushi bai ga dalilin yi ba. Waƙar coci tana fitowa ta tagogi duk ƙauyen da muka ratsa. Tsohon ya ƙara ƙanƙame ƙuguna, ban sani ba ko tsoron babur ne ko na inda za mu.

Mama Akaiti ta gan mu ta taga tun daga ƙofa. Da muka shiga ɗakin, ni ta fara kallo.

"Me na ce miki game da goyo?"

"Shi ya hau, Mama."

Sannan ta juya gare shi. Yana tsaye a bakin gado, ruwa na ɗiga daga rigarsa, ya mance bai cire hular ba. Ta kalle shi daga sama har ƙasa.

"Ka tsufa, Tutai."

"Ke ma ba ki ƙara kyau ba."

"Cire hular matarka ka zauna. Ka ci abinci?"

Ya ce bai ci ba, wanda ake kai masa yanzu gishiri ya yi masa yawa. Ta ce ai ta faɗa wa Vaine, yarinyar nan ta iya birki amma ba ta iya gishiri ba. Suka haɗa kai suna ta kushe girkina, ni da Vaine muka fita muka bar su. Daga tsakar gida muna jin muryoyinsu, wani lokaci faɗa, wani lokaci dariyarta mai ƙarewa da tari. Vaine ta ce ta ji an ambaci mangwaron sau ɗaya. Papa Tutai ya ce da ma tsutsa ta cinye cikinsa. Mama ta ce ƙarya yake, amma ya miƙo mata ruwa.

Bai koma Arorangi ba. Aka shimfiɗa masa katifa a falo, da rana kuma yana kujera a gefen gadonta yana mata fifita, tana gyara masa yadda yake riƙe mafici. Ran Talata ta sa aka kira ni. Muryarta ta yi ƙasa sosai, sai da na kai kunnena. Ta ce babur ɗin nawa ne, amma tayar baya ta suɗe, in canza ta kafin damina, kuma ranar da na fara jin na ƙware, ranar zan fi kula. Na ce to, Mama. Ta ce in je, ina tare mata iska.

Ran Laraba da la'asar ta rasu. Ina shanya a bayan gida na ji Vaine ta kira sunana a hankali. Da na shiga, Papa Tutai yana riƙe da hannunta, bai daina fifitar ba.

An naɗe ta da tivaevae, babban mayafin da ta ɗinka da hannunta, aka binne ta a gaban gida kusa da mijinta. Matan coci suka zo a kan baburansu, suka jera su tun daga ƙofa har bakin titi. An yi waƙa, an yi kuka, an ci alade da gwaza, kowa da labarin ranar da ta zage shi a kan hanya. Wani ɗan sanda da ya yi ritaya ya ce ta taɓa tsayar da shi, yana cikin kaki, ta sa ya koma gida ya gyara fitilarsa. Aka yi ta dariya har fasto yana share hawaye.

Bayan baƙi sun watse da kwana biyu, na fito da safe zan je kasuwa. Vaine ta wanke rigunan uwarta tana shanyawa, masu manyan furanni, ja da shuɗi da rawaya. Iskar teku tana shiga cikinsu tana cika su. Papa Tutai yana tsaye a bayanta da kwandon maƙalan shanya a hannu, yana miƙa mata ɗaya bayan ɗaya.