Tarin Motar Umma

Motar matata tana tari, ba kuma tun yau ba, wata biyar ke nan. In ka ɗaga ƙafa daga totur za ka sha kwana, sai ta shaƙe, ta yi tari sau biyu, ta jijjiga kamar za ta mutu, sannan ta farfaɗo. Kwanar gidanmu matsattsiya ce, dole ka sassauta, don haka kullum a bakin ƙofa take yin abin nata.

Ni makanike ne, shekarata sha tara ina cikin baƙin mai. Tun ranar da na fara jin tarin na san ciwon. Sensar iska ce ta yi datti, ɗan abin nan da ke tsakanin filta da inji, mai gaya wa ƙwaƙwalwar mota yawan iskar da ke shiga. In ƙura ta rufe shi sai ya riƙa ba da labarin ƙarya, mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Aikin minti ashirin ne, har da shan iska.

"Maigida," matata kan ce, "motar kowa kana gyarawa, tawa ce ba ta da gata?"

"Gobe in sha Allahu."

"Goben nan taka a ƙafa take zuwa?"

Sai mu yi dariya, ta ɗauki jakar ɗinkinta ta tafi shago, ni in hau babur. Daga baya ta kwanta asibiti kwana goma sha ɗaya, ba ta fito da ƙafarta ba.

Masu ta'aziyya sun zo sun tafi. In an ajiye abinci in ci, in na kwanta in yi barci. Ana ta yaba mini dauriya, ni kuwa ba dauriya ba ce, na duba cikina ne ban sami komai ba. Yayata ta tattaro kayanta ta dawo gidan saboda Lele, 'yarmu guda ɗaya, mai shekara huɗu. Abin da aka gaya wa yarinyar shi ne Umma ta yi tafiya. Ni na fara faɗa, sauran suka bi.

Da na koma aiki sai na ɗauki motar, don ita za ta fi sauƙin kai Lele makaranta. Ranar farko da yamma na sha kwanar gida, motar ta yi tarinta sau biyu. Ban kai ga kashe ta ba na ga yarinyar ta fito a guje, ba takalmi, cokali a hannu.

"Umma ta dawo! Gwaggo, Umma ta dawo!"

Ta zagayo ta gefen direba ta gan ni. Ta leƙa kujerar baya. Ta koma ciki, abincin ma ba ta ƙarasa ba. Da safe ni nake kai ta a motar, ta san ni ke tuƙawa, amma da yamma kunnenta ya riga hankalinta. Kwana huɗu a jere haka.

A rana ta biyar Yaya ta tare ni a tsakar gida. "Ko ka gyara motar nan ko ka rabu da ita. Yarinyar nan ramewa take yi. Kullum sai ka dawo mata da uwa ka kuma ɗauke?"

Na ce to.

Garejinmu rumfar kwano ce da rami ɗaya, ni da Dogo muke riƙe da shi tun muna samari. Da ya ga na shigo da motar na buɗe bonet, ya ajiye sifana ya tako.

"Ikon Allah. Yau gobe ta iso?"

Bakinsa ne ya riga shi. Ya tsaya yana goge hannu da tsumma, hannun da ba abin da ya taɓa. "Allah ya jiƙanta," ya ce a hankali. "Kawo in yi maka."

"Bar shi."

Na zare soket ɗin waya, na kwance sukurori biyu, na zaro sensar. In ka ɗaga ta wajen haske za ka hango wata 'yar waya a ciki, ba ta kai gashin kai kauri ba. Ya kamata ta riƙa ƙyalli. Wannan ta yi furu-furu, ƙura da maiƙo sun yi mata riga.

Ƙura ba ta isa nan sai ta sami hanya, don haka na duba akwatin filta. Maƙalli ɗaya ya karye, na ma tuna ranar da matata ta gaya mini. A wurinsa an ɗaure murfin da ƙyallen atamfa, shuɗi mai ɗigon ruwan ɗorawa, ragowar rigar da ta ɗinka wa Lele. An naɗe shi sau uku an ƙulle tamau, an kuma datse bakin da almakashi don kada ya yi zare. Ɗaurin tela ne, mai kyau, sai dai ya bar 'yar kafa da farce zai shiga, ta nan ƙurar wata biyar ta bi. Na yi ƙoƙarin kwance ƙullin ya ƙi. Dogo ya miƙo reza, na yi kamar ban gani ba. Da haƙori na ƙarasa shi, na sa ƙyallen a aljihun gaba.

Dokar sensa ɗaya ce, ba a taɓa wayar. Ba buroshi, ba tsumma, ba fetur, ba hurawa da baki irin ta masu kafireto na da. Na sha korar masu gaggawa a kan haka. Gwangwanin maganinta na musamman ake girgizawa, a tsaya daga nesa kaɗan a fesa. Na fesa, baƙin ruwa ya ɗigo a kan kwali. Na sake fesawa har sau goma, ruwan ya koma fari, wayar ta fito tas.

Sai jira. Dole ta bushe da kanta, in ka mayar da ita da danshi ka kashe ta. Na ɗora ta a kan takarda a inuwa na zauna a kan tsohuwar taya. Dogo ya kawo ruwa a kofi ya ajiye kusa da ƙafata. Mai fenti na maƙwabta yana ta rigima da wani a kan kala. Na zuba wa sensar ido ina kallon danshin yana janyewa. Na yi tunanin yanzu ne ya kamata in ji wani abu, wata biyar ga shi ya ƙare a kan takarda. Ban ji ba.

Na sa sabuwar filta, na ciro maƙalli daga wata mota da ta daɗe a bayan rumfa, na mayar da sensar. Daga nan hannuna ya yi abin da ya saba, ya kwance kan batir, don ƙwaƙwalwar motar ta manta da lissafin da ta koya lokacin ciwo. Kullum haka muke yi. Sai da na mayar na tayar na tuna rediyo. Tashar da matata take ji in za ta shago ta goge, ba abin da ke fita sai shuuu. Ban san lambar tashar ba. Ban taɓa tambaya ba.

"Ji silo," in ji Dogo, yana sauraron ƙarar injin a tsaye ba totur. "Kamar yau aka sauke ta."

Gaskiyarsa. Allurar da ke auna gudun inji ta tsaya cak, injin yana numfashi lafiya lau. Na zagaya layi sau biyu, na ɗaga ƙafa a kowace kwana. Ko gezau.

Rana ba ta faɗi ba na kama hanyar gida. Na sassauta a kwanarmu, motar ta shige sumul ta tsaya. Ba wanda ya fito a guje. Na ce a raina shi ke nan, an gama.

Lele tana zaune a kan dakalin ƙofa, da takalminta a ƙafa. Yau ta shirya da wuri, ta fito jira. Ta dube ni, ta dubi motar.

"Baba, motar wane ne wannan?"

"Tamu ce mana."

"A'a. Ta Umma tana tari."

"Ita ce. Na gyara ta, ta warke."

Ta sauko ta zagaya motar, ta taɓa fitila, ta taɓa lotsewar da ke ƙofar baya. Yaya ta fito da tire a hannu ta tsaya a bakin ƙofa. Yarinyar ta dawo gabana ta ɗaga kai, ba fushi ba kuka, tambaya kawai take yi.

"To yanzu da me zan gane in Umma ta dawo?"

Yaya ta juya ta koma ciki da tirenta. Na zauna a kan dakalin, hannuna yana warin maganin sensa. Na taɓa aljihu, ƙyallen yana nan. Muryata da ta fito ban gane ta ba.

"Zo nan, Lele," na ce. "Akwai maganar da ban gaya miki daidai ba."