Furen da Ke Jiran Rana

Ɗan jan ƙyalle Tamsin ta fara hangowa, ɗaure a kan turke a bakin hanya. Makon jiya da suka wuce ta nan a mota babu shi.

"Kawu, sun kafa turakun awo."

"Na gani, ai ban makance ba tukuna," in ji Kawu Lindsay, yana sauko da kujerarsa daga mota. "Litinin katafila za ta zo."

Shekara goma sha tara ke nan, duk ƙarshen Oktoba yana zuwa wannan gefen hanya ta bayan garin Kojonup, saboda wani shuɗin fure mai wuyar samu, okid, da bai taɓa nuna wa kowa ba sai yau. Wata ma'aikaciyar hukumar muhalli ta ce a kawo hoton furen a buɗe, za ta sa a dakatar da faɗaɗa hanyar. Hannunsa yanzu rawa yake yi, shi ya sa ya ɗauko 'yar ƙanwarsa da kyamararta.

Toho ɗaya ya rage a kan tsiron, shi ma a rufe ruf. Irin wannan fure ba ya buɗewa sai rana ta yi zafi, ga shi tun safe gajimare ya ƙi gusawa.

Tamsin ta durƙusa, ta miƙe, ta goge gilashin kyamara, ta kori ƙudaje. Ta dubi sama, ta dubi agogo.

"Zauna mana, sai ka ce kaza za ta saka ƙwai!"

"Gobe fa an ce ruwa, Kawu."

"To ki hau sama ki share mana."

Da ya tafi mota ɗauko burodi, sai idonta ya sauka kan fulas ɗin shayinsa. Ai ɗumi kawai furen yake so. Ta buɗe, ta kara tururin a ƙarƙashin tohon. Bakinsa ya ɗan saki, shuɗi ya leƙo. Ta ƙara matsar da fulas ɗin.

Tohon ya yi laushi, ya langaɓe kamar dafaffen alayyafo.

Tana riƙe da fulas ɗin inuwar Kawu ta faɗo a kanta. Inuwa: ashe rana ta fito.

"Kawu, ni dai so na yi..."

Ya daɗe yana kallon tsiron. Sannan ya ajiye mata burodin a kan jakarta, ya naɗe kujerarsa, ya bi gefen turakun ya nufi mota.