Hasken La'asar a Ɗakin Inna Rahama

Khamis mutumin Zariya ne, neman abinci ya kawo shi Suleja. A unguwar Kwamba yake haya, kullum da safe ya bi motar Abuja, inda yake aikin fitilu a wuraren biki da wajen ɗaukar fim. Aikinsa shi ne ya maƙala leda mai launi, wadda 'yan sana'ar ke kira jel, a gaban fitila, sai ka ga bangon siminti ya koma kamar ɗakin amarya. In ka ba shi fuska, sai ya yini yana yi maka bayanin bambancin wannan shuɗin da wancan, har ka yi da-na-sanin gaishe shi.

Matarsa Daso kurma ce. Sanƙarau ya tafi da jinta tun tana ƙarama, a ƙauyensu da ke bayan Dutsen Zuma, kuma tun daga lokacin ita da mahaifiyarta, Inna Rahama, suka ƙago wa kansu maganar hannu. Da ita suke hira, da ita suke faɗa, da ita suke gulmar maƙwabta a gaban maƙwabtan. Khamis ya koya lokacin neman aure, ya sha dariya kafin hannunsa ya faɗa, amma ya koya ɗin. Ban da shi, babu wanda ya iya ta sosai a gidan. Hauwa'u, matar yayan Daso, iyakar saninta "zo" da "ci abinci", kuma ko ta iya, bakinta ba ya riƙe magana.

Sai yanar ido ta fara rufe wa Inna gani. Likita ya ce za a yi aiki, amma sai sukarinta ya sauka, sukarin kuwa ya ƙi jin magana. Hannun tsohuwa lafiya lau, tana iya gaya wa 'yarta duk abin da take so. Amsar ce ba ta gani. Ta ce in Daso ta ɗaga hannu, ji take kamar tana leƙen mutum ta cikin hayaƙin ɗanyen itace. Haka Khamis ya zama tafinta tsakanin uwa da 'ya: Daso ta motsa hannu, shi ya faɗa da baki, kansa a sunkuye, kamar yadda ya kamaci suruki.

Abin ya tafi daidai har Daso ta sami ciki. Na farko ɓari ta yi, don haka wannan karon tsoro ya zauna mata a ƙirji. Wata Asabar cikin damina suka je gaida Inna, cikin ya tsufa. Tsohuwa ta shafa shi, ta yi addu'a, ta tambayi 'yarta da hannu yadda take ji. Daso ta fara ba da amsa da sauri, awarwaronta na ƙara, tana faɗin wani abu da ta gani a jikinta da asuba, irin abin da mace ke gaya wa uwarta kaɗai. Can ta tuna ta bakin wa maganar za ta bi. Ta dubi mijinta, ta sauke hannuwanta a cinya.

Khamis ya fahimci abin da ta fara faɗa. Da wane baki namiji zai faɗi wannan a gaban surukarsa? Ya gyara murya ya ce, "Ta ce lafiya lau, Inna."

Inna ta juyo da fuskarta wajensa. Sannan ta ce, "Malam, ido ne ba ni da shi, kunnena yana nan. Awarwaro bai yi wannan dogon kuka don lafiya lau ba."

Washegari ya kai Daso asibiti, aka duba aka ce babu komai. Amma tsoro ba ya jin maganar nas. A cikin keke, suna komawa Kwamba, ta taɓa shi ta ce masa da hannu, ba tare da ta ɓoye komai ba, ita ba shi take so ta gaya wa ba, uwarta take so. Maganar ta yi masa zafi, ya kuma san gaskiya ta faɗa. Ga haihuwa ta matso, a ɗakin Inna za ta yi wankan jego, shi kuwa ba shi da wurin zama a ɗakin mai jego. In abin ya tsaya haka, kwana arba'in za ta yi tana magana babu mai ji. Kafin su sauka ya riga ya yanke shawara. Shi da ya haska fuskar amaren da bai sani ba, bai ga dalilin da zai kasa haska hannun matarsa ba.

Ya roƙi ogansa Stanley aron fitila mai batir. Stanley ya tambaye shi wane fim zai ɗauka a ɓoye, da ya ji bayani sai ya ƙara masa da ƙafar fitila da damin ledoji, ya ce ya dai riƙa dawo da su duk ranar aikin Juma'a.

Zuwan farko, Khamis ya yi irin lissafin da kowa zai yi: ido ya yi rauni, a ƙara haske. Ya kafa fitila a tsakar ɗaki ya murɗa ta har ƙarshe. Inna ta rufe fuska da gefen mayafi, hawaye na zuba, tana salati. Hauwa'u ta leƙo daga ƙofa ta tambaya ko fim za a fara da tsohuwa, ta kuma roƙi a ba ta fitowar 'yar aiki. Khamis ya naɗe kayansa.

Zuwa na biyu ya zo da gwanintarsa gaba ɗaya. Ya gwada ja, Inna ta ce duhu. Ya gwada shuɗin da amaren Abuja ke rububi, ta ce kamar an jefa ta rijiya. Kore, ruwan hoda, shunayya, duk ya jera su, tsohuwa na haƙuri da shi irin haƙurin da ake yi da mai maganin gargajiya da ya zo da kyakkyawar niyya. Daga ƙarshe ta ce ya bar wahalar da kansa, Allah ya ga zuciyarsa. Wannan sa albarkar ta fi dariyar Hauwa'u ƙona masa rai, don ya ji sallama a cikinta.

Yana ɗaure kaya sai ya lura da wautarsa. Duk shekarun nan kyamara yake tambaya abin da take gani, kuma ga shi ya zo nan ma bai tambayi mai idon ba. Rashin sani ya fi dare duhu. Ya koma ya durƙusa daga bakin ƙofa, ya tambaye ta ko akwai lokacin da ganin ke ɗan dawo mata.

Inna ta yi tunani. Ta ce akwai. Wani lokaci da la'asar, bayan an ɗauke ruwa, in ta zauna a bakin rumbu rana na bayanta, kuma akwai ɗan siririn gajimare ya tare ranar, takan ga siffar abubuwa sarai. Ran nan har ta ga zakara ya wuce, ta gane na gidan Ladan ne. Amma abin ba ya daɗewa, kuma ba kullum ba, ga tsakar gida cike da idon mutane.

Khamis ya tafi da wannan maganar kamar wanda ya tsinci kuɗi. Abu uku tsohuwa ta gaya masa ba tare da ta sani ba: hasken ya fito ta bayanta, ya zama mai laushi, launinsa kuma ya zama na la'asar. Duk makon nan, in motarsu ta tsaya a cunkoson Madalla da yamma, sai ya zaro ledoji yana ɗaga su ta taga yana kwatanta su da sama. Wani fasinja ya matsa gefe, ya raɗa wa na kusa da shi cewa Abuja na taɓa mutane. Khamis ya ji, bai ko waiwaya ba.

Matsalar ita ce ba zai yi ta jigilar kaya zuwa ƙauye yana azabtar da idon tsohuwa ba. Sai ya sayi farin tabarau na bakin titi, ya shafe shi da man kaɗanya, ya sa a idonsa. Duniya ta dagule masa, fitilar ɗakinsu ta zama wani farin ƙulli mai ciwo, nan ya san abin da ya yi wa Inna a zuwan farko, kunya ta kama shi. Ya zaunar da Daso a gabansa, ya ce ta yi ta magana, shi zai yi ta canza leda har ya gane abin da take faɗa.

Daso ta ga dama ta samu. Ta shiga zazzaga masa tsiya da hannu, shi yana zaune da tabarau mai maiƙo yana gyaɗa kai bai san me ake ce masa ba. Da haka suka gano abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Farin bango a bayanta yana cinye hannun, sai ya rataya baƙin yadi. Atamfa mai zane ita ma tana haɗiye yatsu, sai ta sa riga mai duhu marar ado. Akwai wata farar leda mai dishi-dishi da ake sa wa fitila don ta karya kaifin haske. Falle ɗaya bai isa ba, inuwar hannu na faɗawa kan fuska, fuska kuwa rabin maganar kurma ce. Falle uku ya narkar da bakin yatsu. Biyu ya yi daidai. Launi ne ya fi ba shi wuya. Ruwan goro mai kauri yana mai da fata da inuwa abu ɗaya. Sai da ya sauko kan wata siririyar leda ruwan ɗorawa, wadda a wajen aiki ko kallonta ba ya yi don ba ta burge kowa, ya ɗora ta a kan fararen.

Ya kunna, ya zauna, ya dubi matarsa ta cikin man kaɗanya. A hankali ya karanta: mijina kansa kamar tulu. Ya tuɓe tabarau ya ce mata ya gani. Daso ta yi dariya har tana riƙe ciki, daga nan dariyar ta juye ta zama kuka, shi ma bai tsira ba.

Ranar Asabar bayan azahar suka isa ƙauyen. Hadari ya haɗo, tsakar gida ta yi duhu, Hauwa'u na kwashe shanya tana cewa 'yan fim sun dawo. Khamis ya saki labulen ƙofa, ya toshe taga da tabarma, ya rataya baƙin yadi a jikin bango. Ya zaunar da Daso a gaban yadin, ya nemi Inna ta juya wa fitila baya, ya kafa ta sama da kafaɗarta. Tsohuwa ta bi umarni don kada ta kunyata shi, amma a fuskarta ka san ba ta sa rai ba.

Ya murɗa a hankali. Ɗakin ya ɗauki launin yamma bayan ruwa. Daso ta ɗaga hannu ta motsa. Inna ta ƙura ido, ta girgiza kai. Amma hannun Khamis bai bar fitilar ba. Man kaɗanya ba yanar ido ba ne, dama ya san da haka. Ya matso da Daso gaba kaɗan, ya ɗaga fitilar, ya karkata ta.

Inna ta ce, "Ɗan rage, Malam."

Ya rage. Daso ta sake ɗaga hannu, wannan karon sannu a hankali, ta ja yatsa biyu a kumatunta, daidai inda tsagar Inna take. Sunan da ta raɗa wa uwarta ke nan tun tana yarinya, kafin ta san akwai wani suna a duniya. Tsohuwa ta gane. Ta ɗaga hannunta, ta kai shi bayanta ta bubbuga kamar mai lallashin goyo, sunan Daso ke nan a maganarsu. Daga nan hannuwa huɗu suka ɓarke a lokaci guda, kowa na katse kowa, awarwaro na kuka, hawaye na bin tsagar Inna ba ta ko share ba.

Khamis na tsaye a bayan fitila, farin ciki ya cika shi har ya manta da kansa, idonsa na bin hannun matarsa kamar yadda ya saba. Daso ta kai kan maganar nan da ta yanke ran nan, sai ta dakata. Inna ta gani da idonta. Ba ta waiwayo ba, ta ce, "Malam, Allah ya yi maka albarka. Yanzu ba mu wuri."

Ya fita da sauri har yana tuntuɓe da ƙafar fitila. A rumfar ƙofar ɗaki ya sami turmi a kife ya zauna. Ruwa ya fara sauka. Batirin zai kai magariba, gobe kuma zai san yadda zai yi da Stanley, don fitilar nan ba inda za ta sai an gama wankan jego. Ta bayan labule ba ka jin komai sai awarwaro, ya tsaya ya tashi, can kuma dariyar tsohuwa.

Hauwa'u ta zo da ƙwaryar ruwa ta ajiye masa, ta kasa kunne wajen ɗakin, abin ya dame ta. Ta tambaye shi me suke ta faɗa haka.

Khamis ya ɗauki ƙwaryar, ya sha, ya ajiye. Ya ce, "Wallahi ban sani ba."

Tun da ya auri Daso bai taɓa faɗin maganar da ta yi masa daɗi kamar wannan ba.